Kurciyar Malam Labbo

Ranar Litinin da hantsi labarin ya shigo gidanmu, kuma a bakin wata mai tallan kifi daga Argungu ya shigo. Wai an yi wa Malam Labbo kurciya.

Ku 'yan yanzu da kuke karanta ni a waya, bari in yi muku bayani. Kurciya asiri ne da ake cewa in an yi wa mutum, ƙafarsa ba ta ƙara zama wuri ɗaya, sai ya yi ta tafiya har ya bar gari da iyali, ko waiwaye babu. Malam Labbo kuwa shi ne wanda aka yi mana baiko wata uku kafin nan, malamin lissafi ne a Argungu. Ni Sadatu shekarata ashirin da ɗaya lokacin, ina koyar da 'yan aji huɗu a Birnin Kebbi. A 1984 ke nan, muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, tun ba a yi mafarkin za a ba mu tamu ba.

Ina daga ɗaki ina guga na ji mai kifin tana jero wa Gwaggo Kulu hujjoji kamar tana gaban alƙali.

"Kullum in anka sallame Asuba, sai shi kama hanyar Augie da ƙahwa. Da ƙahwa, Gwaggo. Mutum da babur nai sabo. Ya rame, wuya ya yi tsawo. Shekaranjiya gidan suna anka ba shi lemo, yam mai da."

"Yam mai da lemo?"

"Ko buɗe shi bai yi ba."

Gwaggo Kulu yayar Baba ce, ita ta riƙe ni tun Inna ta rasu ina ƙarama. Mace ce mai jiki, mai kirki, wadda ta yarda da abu ɗaya a duniya bayan addini: lafiya a ƙiba take. Tun da aka yi baikon nan ta ɗauki kiwona a matsayin aikin gwamnati. Da safe fura da nono da sukari cokali uku, da rana tuwon shinkafa man shanu na yawo a kan miya, da la'asar kuma gasara da madara. Ta hana ni daka, ta hana ni ɗebo ruwa. Makarantar da nake zuwa a ƙafa, ta sa Baba ya riƙa kai ni a bayan kekensa. Tana da wani awarwaro na azurfa da take zura mini a hannu duk Juma'a, wai sai ranar da ya ƙi wuce tsintsiyar hannuna za ta san ta fita kunyar dangin miji. Ita kanta ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa bango ta kira sunan Allah sau biyu, amma in ka ce gwiwar nan nauyi ne ya yi mata yawa, sai ta ce sanyin haihuwa ne. Autanta a lokacin yana da 'ya'ya uku.

Dama tana da ƙullin Malam Labbo a ciki. Zuwansa zance na ƙarshe, ta aika masa da shayi mai kauri da soyayyen nama, ta zaɓo masa wurin kitse da hannunta. Ya ce a yi mata godiya, ya roƙi ruwan randa, sannan ya tambaya ko akwai sauran kwaɗon zogalen da ya ji ƙamshinsa. Kwaɗon da aka yi don 'yan gida. Ya cinye shi tas, naman ya koma ciki yadda ya fito. Kwana uku Gwaggo tana maganar.

Da Baba ya dawo Azahar, tun bai cire hula ba ta tare shi.

"Abdussamadu, ka ji abin da ni ji? Ba ni ba da ɗiyata ga wanda za shi tashi wata rana shi bi hanya, a ishe shi Agadas."

Baba mutum ne mai sanyi, tsohon akawu, ba ya yanke magana sai ya juya ta. Ya ce, "Yaya, a bincika dai."

"Mi za a bincika? Mutum ya bar nama yac ci ganye. Akuya na?"

Na leƙo na ce, "Gwaggo, wanda aka yi wa kurciya yana dawowa gida ya yi wanka ya tafi aji? Ai mai kifin ta ce kullum yana dawowa."

"Ke, rufa min baki da bokonki. Sannu-sannu ta ka kama mutum. Yau shi dawo, gobe shi dawo, jibi shi wuce."

Baba ya sa baki. Abin da ya dame shi ba kurciyar ba ce, ramar ce. Ya ce in ciwo ne yaron yake ɓoyewa, to ba a fara aure da ɓoyo. Ya ba da wa'adi zuwa Juma'a. In ba a sami magana mai kama hankali ba, bayan an sauko masallaci za a mayar musu da akwatinsu da turamen atamfarsu.

Zan faɗa muku gaskiya, tunda na tsufa ba mai yi mini dariya in ji ciwo. Ina son mutumin nan. Ba shi da wani kyau na a zo a gani, kunnuwansa ma sun ɗan yi fice, amma shi kaɗai ne saurayin da na taɓa yi wa gardama ya ce, "Kin fi ni gaskiya," kuma ya dawo mako na gaba da wata gardamar. Kurciya ban yarda da ita ba. Ramar ce ta tsaya mini a rai ni ma, don a kwalejin horon malamai an koya mana cututtukan da ke cin mutum a tsaye, kuma na haddace su duka don jarrabawa.

Ba waya a lokacin. Wayarmu ita ce Hodi, direban fijo da ke jigila tsakanin Birni da Argungu. Na yago takarda daga littafin shirya darasi na rubuta:

"Malam, ana cewa an yi maka kurciya. Ana cewa kuma kana da ciwo. Baba ya ba da wa'adin Juma'a. Ka faɗa mini gaskiya, ko ɗaci gare ta."

Talata da la'asar amsa ta zo, a ninke huɗu, da rubutunsa mai kama da an jera da rula:

"Malama Sadatu, ba ni da ciwo, kuma ba inda za ni. Sauran maganar ba tawa ba ce, na yi alkawari ba zan faɗa ba. Ki yi haƙuri da ni. A gaida Gwaggo, kwaɗonta ya yi daɗi."

Ku ji fa. Aure na shirin rushewa, shi yana yabon kwaɗo. Na karanta sau biyar, na ninke, na ce to, tunda ba za a faɗa mini ba, zan je in gani da idona.

Allah ya taimake ni ana hutun makaranta, kuma yayata Maryamu tana aure a Argungu da tsohon ciki. Na ce wa Gwaggo zan je in taya ta aiki kwana ɗaya. Ta yarda, bisa sharaɗin kar in taɓa taɓarya, ta kuma haɗa ni da ƙullin fura mai girman kan jariri.

Yaya Maryamu ta yi dariya har ta riƙe ciki da na gaya mata shirina.

"Ke za ki bi shi? Da wanga jiki da Gwaggo tag gina miki?"

"Yaya, ramamme ne fa. In mara lafiya ne, ai ko rarrafe nake zan kamo shi."

"Allah shi ba da sa'a. Ki bi matan da ka zuwa sarin albasa hwadama, kar a ga ke ɗaya."

Alhamis gari na wayewa na shirya. Na ɗaura tsohuwar atamfar Yaya, na rufa da babban gyale, na ɗora ƙwarya a ka don in saje da matan. Kuskurena ɗaya, takalmi. Da mai tsini na zo, wanda nake zuwa makaranta da shi, na Yaya kuma ya yi mini yawa. Na ce ai ba nisa.

Muna bakin gari sai ga shi ya fito daga wajen gidajen malamai. 'Yar shara fara, wando ya naɗe ƙafa, takalmin roba, da wata 'yar jaka a kafaɗa. Ya rame kam, ba ƙarya. Amma tafiyar ba ta mara lafiya ba ce. Tafiya yake kamar an aike shi kiran ungozoma.

Na bi. Da fari ina ganin ƙeyarsa. Can sai farar rigar kawai nake hange. Matan albasa, har da wata tsohuwa da ta haifi Gwaggo, suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya suna yi mini sannu. Numfashina ya koma kamar na zugazugin maƙeri, cinyoyina suna gugar juna, furar wata uku tana kai ƙara a kowane taku. Da hanya ta saki kwalta ta gangara wajen gulbi, tsinin takalmina ya lume a laka ya zauna can. Na cire ɗayan na jefa a ƙwarya. Ni da na zo binciken mara lafiya, ni ce na ƙare a kan wani tsohon kwalekwale da aka kife a bakin ruwa, ina haki, ina tsine wa awarwaro.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Muryar wani dattijo ce ta dawo da ni, tana tahowa ta cikin gonakin shinkafar da aka girbe.

"Shekara nawa kana boko, dashen albasa ya gagare ka. Jiya ka nutsa su awa mai binne gawa. In ban taho ba, wallahi ko ta miya ba ka samu."

"Shi ya sa nake zuwa ɗaukarka, Baba."

"Ɗauka? Da mi kaɗ ɗauke ni? Da ƙahwata ni ka tahowa. Wata ukku babur na wurin gyara. Wane irin bakanike na wanga?"

"Kayan ne ba su iso daga Sakkwato ba."

Na ja gyale na rufe fuska, amma na makara. Malam Labbo ya tsaya cak. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi takalmi ɗaya a ciki, ya dubi ƙafafuna da laka ta yi wa safa. Na ga bakinsa yana rawa, yana kokawa da dariya.

Dattijon dogo ne, faffaɗan ƙirji, rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Ya ce, "Wagga ɗiyar wa ta?"

Malam Labbo ya sosa ƙeya. "Baba, ita ce. Ta Birni."

Maigandi ke nan, mahaifinsa, wanda ban taɓa gani ba sai a labari. An ce a zamaninsa ba masuncin da ya kai shi a gulbin nan, shi kaɗai yake fito da giwan ruwan da sai mutum biyu sun ɗauka. Yana zaune a wani ɗan ƙauye a bakin ruwa tun da ya bar sana'ar su. Na zame daga kan kwalekwalen na durƙusa, na rasa inda zan sa kaina. Surukar da ba a kawo ba, a daji, ba takalmi.

"Tashi, ɗiyata. Lahiya? Mota ta lalace?"

Ya dubi ɗansa ya ce, "Kai, wuce ka fara ban ruwa. Kuma ka bi a hankali, kar ka tattake min fangali."

Lambun yana nan kusa, fangali goma sha biyu na albasa, da jigo a bakin ruwa. Maigandi ya zauna a gindin wata giginya, ni ina gefe na ba shi rabin baya. Daga nan ina hangen Malam Labbo yana jan jigo. Na lura da abu ɗaya: in tsohon na kallonsa, sai ya yi ta zubar da ruwa a hanya kamar bai taɓa riƙe guga ba. Da zarar tsohon ya kau da kai, hannunsa ya faɗa daidai.

"To, hwaɗa min. Mi yak kawo ki?"

Na ce a raina, Sadatu, kin riga kin zubar da kunyar a laka, ƙarasa. Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa. Mai kifi, kurciya, lemon gidan suna, naman Gwaggo, wa'adin gobe, har da wasiƙar da aka ce an yi alkawari.

Ya tsinke wani ganye yana murzawa har ya zama ruwa a yatsunsa.

"Gobe kinka ce?"

"Bayan an sauko masallaci, Baba."

"Kuma bai hwaɗa miki komi ba."

"Ya ce maganar ba tasa ba ce."

Ya ɗaga murya. "Labbo, kawo karin kumallon nan, baƙuwa ta sha hanya."

Daga 'yar jakar nan Malam Labbo ya fito da kwano ɗaya da gora. Kunun gero ne, ba sukari ko ƙwaya. Dafaffen wake, gasasshen kifi ba mai, da kwaɗon rama. Suka zuba mini nawa a murfi, su biyu suka sa hannu a kwano ɗaya. Tsohon yana ci yana mita, wai abincin fursuna, ɗan yana cewa, "Saura loma uku, Baba." Na kalli rigar da ta yi wa tsohon yawa, na kalli kunun, na tuna wani shafi a littafinmu na kiwon lafiya. Na fara harhaɗa lissafi, amma na kama bakina. Ku sani dai, ban taɓa cin abin da ya yi mini daɗi kamar waken nan ba. Yunwar tafiya daban ce.

Da za mu rabu Maigandi ya ce, "Ki koma gida. Ki ce ma babanki Maigandi na tahe gobe, kar a taɓa akwati sai na iso."

Malam Labbo ya ce, "Baba, ba sai ka…"

"Da kai ni kai?"

Ya rako ni har bakin kwalta, ya ciro mini takalmina daga laka ya miƙo mini da yatsa biyu.

"Malama, wa ya ba ki shawarar farauta da wannan?"

"Wanda ya ba ka shawarar amsa wasiƙa da yabon kwaɗo."

"Kin fi ni gaskiya," in ji shi.

Juma'a tun da safe Gwaggo ta sa aka fito da akwatin tsakar gida, ta ɗaure shi da igiya. Da na isar da saƙon Maigandi, ta tambaye ni inda na gan shi. Na ce a hanya. Ta dubi ƙafafuna da suka yi bororo, ta dubi yadda nake takawa kamar kaza a kan garwashi, ta ce za mu yi maganar daga baya. Duk da haka baƙo baƙo ne. Ta sa aka yanka zakara, aka sayo lemo kwalba huɗu, ta dama fura ta zuba sukari da hannunta.

Fijon Hodi ta sauke Maigandi da Malam Labbo a tasha, suka ƙaraso a ƙafa. Baba ya shigar da su zaure. Ni da Gwaggo muka laɓe a bayan ƙofa, ita a kan turmi don gwiwa, ni a tsugune. An gaisa, an tambayi ruwa da amfanin gona, aka shigar da abinci. Muna jin ƙarar buɗe lemo.

"Malam Abdussamadu, a mai da wanga," in ji Maigandi. "A ba ni ruwa."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta raɗa mini, "Ta kama uban ma."

"Na san Hajiya Kulu na bayan ƙohwa," ya ci gaba, "don haka bari in ɗaga murya, kar ta wahala."

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar ana ganinta. Baba ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Na ji Maigandi yana gyara zama, ya yi gyaran murya sau biyu. Sannan ya yi magana, a hankali, ba tare da ya tsaya ba.

"Ba wanda yay yi ma Labbo kurciya, kuma lahiya tai lau. Ni ad da ciwo. Tun da na bar ruwa ni zauna ƙohwar gida, shayi da burodi da lemo, har jiki yay yi nauyi, ido ya fara duhu. Likita Sakkwato yac ce ciwon suga na. Yac ce in bar zaƙi da maiƙo, in rage tuwon shinkahwa, in riƙa tahiya kullum. Na ce ba ni yawo ba dalili awa mahaukaci, ba ni cin ganye ana cin nama gabana, kuma na sa yaron ga yay yi rantsuwa ba mai ji, don kar a ce Maigandi ya zama abin tausai. Shi ne yac ce abin da ni ci shi za shi ci, ko gabana ko bayan idona. Yas samo lambu nesa da gida, yac ce bai iya albasa ba sai na koya mai. Ni na koya mai albasa tun yana shekara bakwai. Yac ce babur ya lalace don kar in ce shi goya ni. Yanzu ina ganin zaren allura, ina kwana ba tashi. Babur kuma yana ɗaki nai, ya ruhe shi da tabarma. Na leƙa tun satin farko. Lahiya tai lau."